Man Zaitun, Habbatussauda da Kafson Mai: Tambayoyin Masu Teɓa, Hawan Jini da Suga a Katsina

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin mutanen da aka auna aka ce jininsu ya hau, sugansu ya fara motsi, kitse kuma ya taru musu a ciki da jini. Ana jin su a layin ganin likita, a shagon kemis, da majalisar bayan La'asar. An fara da masu sauƙi kafin masu zurfi. Bayani ne na gaba ɗaya, likitan da ke riƙe da katinka shi ya san yanayin jikinka.

Likita ya ce ina da "metabolik sindirom", ni kuwa ba na jin ciwon komai. Wace irin cuta ce wannan?

Tarin larurori biyar ne masu son tafiya tare, duk wanda aka samu da uku daga cikinsu ya shiga sahu. Na farko faɗin ƙugu: santimita 94 ko fiye ga namiji, 80 ko fiye ga mace. A tef ɗin tela wannan ya kama inci 37 da kuma inci 31 da rabi. Sai awon jini da ya kai 130/85, sai sugan safe kafin karyawa da ya kai 100 mg/dL, sai kitsen jini da ake kira tiragilisarid da ya kai 150 mg/dL. Na biyar shi ne ƙarancin kolesterol mai amfani, wato HDL: ƙasa da 40 ga namiji, ƙasa da 50 ga mace. Wanda ke shan magani saboda ɗaya daga cikinsu, ana lissafa shi da shi ko da awonsa ya daidaita. A 2009 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya da na suga suka haɗu a kan wannan ma'auni.

Tushen abin, kamar yadda wani likitan Amurka mai suna Gerald Reaven ya bayyana a 1988, shi ne jiki ya daina sauraron insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata. Kitsen da ke naɗe da hanji da hanta shi ke ƙara rura wutar. Shi ya sa a nan teɓa ta fi nauyin jiki muhimmanci. Akwai siraran mutane masu ɗan tumbi da ke cikin haɗari fiye da wani ƙato mai ƙiba a cinya da damtse. Rashin jin ciwo kuwa haka larurar take, shekaru take yi tana aiki shiru.

Me ya haɗa wannan da zuciya?

Hawan jini yana gurje bangon jijiyoyin jini, suga yana ƙara lalata shi, kolesterol marar kyau, wato LDL, yana samun wurin maƙalewa a inda aka gurje. A kwana a tashi hanyar jini ta ƙuntata, kamar bututun famfo da ƙasa ta cushe. Idan gudan jini ya toshe ragowar hanyar a zuciya, bugun zuciya ke nan. Idan a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Mai wannan tarin larura haɗarinsa na ciwon zuciya da jijiyoyi ya kusan ninka na wanda ba shi da ita, haɗarin kamuwa da ciwon suga sosai kuwa ya kai wajen ninki biyar.

A ƙasarmu shanyewar ɓarin jiki tana ɗaukar mutane da yawa. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, aka buga sakamakonsa a 2018, ya nuna hawan jini na da hannu a kusan tara cikin goma na shanyewar da aka gani. A riƙe wannan, domin duk maganar mai da za ta biyo baya ba ta kai awon jini muhimmanci ba.

Wane mai ake nufi idan an ce "ƙarin man tsirrai"?

Man da ake sha da niyyar magani, ba don girki ba. A Katsina da Daura wanda aka fi sani shi ne man zaitun da man habbatussauda, waɗanda ke cike da shagunan magungunan Musulunci, alhazai kuma kan zo da su tsaraba. Bayan su akwai man riɗi, man kwakwa, man zogale, da kafso mai ruwan zinare da ake rubuta wa Omega-3 ko Omega 3-6-9, wanda galibi man irin filaks ne, wato 'ya'yan wani tsiro da ake kira flax da Turanci, da wasu mayuka, wani lokaci a gauraye da man kifi.

Tunda daga tsiro ya fito kuma an rubuta "babu kolesterol", ai ba shi da illa ko?

Babu man tsiron da ke da kolesterol, har da manja. Rubutun nan dabarar talla ce, gaskiya ce da ba ta ƙara wa mai saye komai. Mafi yawan kolesterol ɗin da ke jininka hantarka ce ta sarrafa shi, abin da ke sa ya taru kuwa shi ne irin kitsen da kake ci. Kitse mai daskarewa yana ɗaga LDL. Wanda ba ya daskarewa yana saukar da shi idan ya maye gurbin na farkon.

A man zaitun da man riɗi, kitse mai daskarewa bai wuce kashi 14 zuwa 15 cikin 100 ba. A man gyaɗa yana wajen kashi 17 zuwa 20. A manja ya kai rabi. A man kwakwa ya haura kashi 80, ya fi man shanu ma. Lokacin hunturu kowa na iya gani da idonsa wanne ke daskarewa a kwalba da sassafe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kitse mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana.

To man zaitun fa? Da gaske yana kare zuciya?

Duk cikin mayukan nan shi ya fi samun hujja mai ƙarfi. Binciken da aka fi kafa hujja da shi sunansa PREDIMED, a Sifaniya aka yi shi da mutum 7,447 masu shekara 55 zuwa 80, waɗanda ke da suga ko wasu alamun haɗari amma ba su taɓa samun bugun zuciya ba. An bi su kusan shekara biyar. Waɗanda aka ɗora a kan abincin mutanen gaɓar Bahar Rum, aka kuma riƙa ba su man zaitun tatsar farko kyauta, sun samu raguwar kusan kashi 30 cikin 100 na bugun zuciya, shanyewar jiki da mutuwa ta dalilinsu. Raguwar ta fi fitowa fili a shanyewar jiki. An buga sakamakon a 2013, aka janye saboda kurakurai wajen rarraba mutane zuwa rukuni, aka sake lissafi aka buga a 2018, adadin bai canza sosai ba.

Sai dai a duba yadda suka yi amfani da man. Wajen babban cokali huɗu suke ci a rana, a cikin girki da kan ganye, tare da wake, kifi, kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, jan nama da kayan zaƙi kuma kaɗan. Man ya zama shi ne man tukunyarsu, ya kori sauran kitse. Wannan shi ne jigon duk wannan shafi: mai yana amfanar zuciya idan ya canji wani kitse da ya fi shi illa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma da ta amince a 2004 a rubuta cewa cokali biyu na zaitun a rana na iya rage haɗari, sharaɗin da ta sa ke nan, ya zama madadin kitse mai daskarewa, kada ya ƙara yawan abin da ake ci.

Ina shan cokali biyu na zaitun kowace safiya kafin karin kumallo. Hakan ya wadatar?

Idan bayan cokali biyun ƙosai ne da kunu mai suga, rana shinkafa da miya mai iyo da manja, dare tuwo da man shanu da tsire a majalisa, to mai kawai ka ƙara a kan mai. Babban cokali ɗaya na kowane irin mai, zaitun ne ko na gyaɗa, yana ɗauke da kalori wajen 120. Biyu a kullum ba tare da an rage komai ba, teɓar da ake son ragewa ita ake ciyarwa. Shansa da sassafe kuma ba shi da wata falala ta daban a kan cinsa cikin abinci. Gara Hajiya ta zuba shi a kwaɗon zogale ko dambu ko ɗan wake, a wurin man da aka saba zubawa.

Kafson zaitun ya fi wannan rauni. Kafso ɗaya giram ɗaya ne galibi. Mutanen Sifaniya da aka ambata a sama suna cin wajen giram 50 a rana, sai ka haɗiyi kafso hamsin kafin ka kamo su.

Malam, habbatussauda fa, wadda hadisi ya ambata?

Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, kuma babu mai neman raba Musulmi da ita. Abin da aka auna a asibiti shi ne: idan aka haɗa ƙananan gwaje-gwajen da aka yi, yawancinsu a Iran da maƙwabtanta, ana ganin saukar awon jini da maki uku-uku sama da ƙasa, da ɗan saukar LDL, tiragilisarid da sugan safe. Sinadarin da ake danganta aikin da shi sunansa timokwinon. Gwaje-gwajen na mutane kaɗan ne, na wata biyu ko uku, kuma ba a yi wani babba da ya bi dubban mutane shekaru don ƙidaya bugun zuciya da shanyewar jiki ba.

Saukar maki uku ba abin rainawa ba ne ga wanda jininsa ke 132. Ga wanda jininsa ke 170/100 kuwa, ya koma 167 yana nan cikin haɗarin da yake. A ra'ayina mai son ta ya sha kaɗan, kamar ƙaramin cokali a rana, tare da maganin asibiti, likita kuma ya sani. Hadisai sun yi umarni da neman magani, haɗa biyun bai saɓa wa komai ba. Dubi amsar da ta shafi daina magani a ƙasa.

Kafson Omega-3 na tsiro daidai yake da man kifi?

A'a. Omega-3 iri uku ne. Na tsiro shi ne ALA, yana da yawa a man filaks, inda ya haura rabin man, akwai kuma kaɗan a man waken soya da kanola. Na kifi su ne EPA da DHA, su ne kuma ke saukar da tiragilisarid. Jiki yana iya juya ALA zuwa EPA, amma ɗan kaɗan, galibi ƙasa da kashi 10 cikin 100, zuwa DHA kuma ya fi haka ƙaranci. Mata sun ɗan fi maza iya juyawar.

An gwada ALA kai tsaye a Holand. Mutum 4,837 da suka taɓa samun bugun zuciya aka ba su bota ta shafawa, wasu da ƙarin ALA wajen giram biyu a rana, aka bi su sama da shekara uku. Sakamakon da ya fito a 2010 bai nuna raguwa tabbatacciya ba. Jiki na buƙatar ALA, wajen giram 1.6 ga namiji da 1.1 ga mace a rana, amma mai girki da man waken soya yana samun kusan giram ɗaya a cokali guda. Omega-6 da Omega-9 da ake jerawa a jikin kwalba kuwa, su ne man gyaɗa ya cika da su. Biyan kuɗin kafso don a same su asara ce.

Wani abu mai ban sha'awa: irin filaks da aka niƙa ya fi mansa aiki a kan hawan jini. A wani gwaji a Kanada da aka buga a 2013, giram 30 a rana na wata shida ya sauke awon sama da wajen maki 10 ga masu ciwon jijiyoyin ƙafa. Idan aka tatse man, dusar da wasu sinadarai masu amfani suna zama a tunkuzar.

Awona ya nuna tiragilisarid ya yi yawa. Wane mai zan sha?

Kafin mai, a duba kofi da kwano. Suga, lemon kwalba, shayi mai cokali huɗu, farar shinkafa, burodi da taliya su ne ke ɗaga tiragilisarid fiye da man miya, domin hanta tana mayar da rarar suga kitse. Giya ma haka. Rage waɗannan da rage teɓa yakan saukar da shi sosai.

Idan likita ya ga ana buƙatar Omega-3, na EPA da DHA ake bayarwa, har giram huɗu a rana, yana saukar da tiragilisarid da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Game da kare zuciya sakamakon ya rabu biyu. Binciken REDUCE-IT na 2018, da zallar EPA ga mutum 8,179 masu shan maganin kolesterol, ya nuna raguwar kashi 25. Binciken STRENGTH na 2020, da haɗin EPA da DHA, bai nuna komai ba. Dukansu sun ga ƙaruwar wani nau'in rikicewar bugawar zuciya. Wanda ba ya son na kifi akwai man da ake samarwa daga gansakukar ruwa, mai ɗauke da DHA, sai dai tsada. Ga yawancin mutane kifi mai maiƙo sau biyu a mako, titus ko sadin, gasasshe ko a miya, ya fi sauƙi. Idan awon ya kai 500 mg/dL, wannan na gaggawa ne, a koma asibiti.

A lura kuma, baƙaƙen fata sukan nuna tiragilisarid daidai ko da jiki ya riga ya daina sauraron insulin. Kyawun wannan awo shi kaɗai bai wanke mutum ba.

Zaitun ya yi tsada. Man gyaɗa da man riɗi namu ba za su yi ba?

Za su yi, kuma wannan ce amsar da na fi so mutane su ji. Kusan rabin man gyaɗa Omega-9 ne, sinadarin da ya fi yawa a zaitun, wajen kashi uku cikin goma kuma Omega-6 ne mai saukar da LDL. Man riɗi ma haka yake, ga ƙanshi, ga riɗin ana nomawa a jihar nan da Jigawa. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta tattara gwaje-gwaje a 2017 ta ce maye kitse mai daskarewa da man tsirrai marar daskarewa ya rage ciwon zuciya da wajen kashi 30 cikin 100, kuma mayukan da aka yi waɗannan gwaje-gwaje da su na waken soya ne da masara da makamantansu. Abin da zaitun tatsar farko ya fi su da shi wasu sinadarai ne masu ɗan ɗaci da ke kartar maƙogwaro. Fifiko ne na gaske, amma bai kai a ci bashi saboda shi ba.

Matsalar man gyaɗa biyu ce. Abin da ake aunawa a kwalba a kasuwa ana ce masa "man gyaɗa" sau da yawa tataccen manja ne da aka cire wa launi, sanyin hunturu yakan tona shi. Na biyu, gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar aflatoksin mai lalata hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, tana kuma iya shiga man da aka matsa a gida da ƙulikuli. A sayi mai wurin matar da aka san tana tsince gyaɗarta.

Ke nan in daina cin manja da man shanu? An ce in koma man kwakwa.

Barin manja a koma man kwakwa gudun gara ne a faɗa gidan zago. Gwaje-gwaje da aka haɗa a 2020 sun nuna man kwakwa yana ɗaga LDL da wajen 10 mg/dL idan aka kwatanta shi da sauran man girki. Masu tallarsa sukan ce yana ɗaga HDL, gaskiya ne, sai dai ɗaga HDL shi kaɗai bai nuna yana rage bugun zuciya ba. A bar shi ga gashi da fata.

Jan manja yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, ba guba ba ne. Yawan ne matsala. Miyar da mai ke kwance a samanta, rabin abin da aka zuba ma ya isa. Man shanu a kan tuwo ya koma na ranar Juma'a ko na baƙi.

Zan iya ajiye maganin asibiti in gwada mai na wata uku?

Kada ka yi. Magungunan kolesterol irin su atorvastatin suna saukar da LDL da kashi 30 zuwa 50 cikin 100, kuma kowace saukar 39 mg/dL tana rage manyan larurorin zuciya da jijiyoyi da kusan kashi 22. Babu kafson man da ya kusanci wannan. Maganin hawan jini irin amlodipine ko lisinopril idan aka ajiye shi jinin yana komawa sama cikin kwanaki, ba tare da ciwon kai ko jiri da zai gargaɗe ka ba.

Mutane kan ajiye magani saboda dalilai na gaske: tsada, kumburin ƙafa, tari, yawan fitsari, ko raunin da magidanci ke jin nauyin faɗa. Kowanne akwai yadda za a canza. A faɗa wa likita, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ne, ko Asibitin Janar Amadi Rimi, ko babban asibitin Daura, ko ƙaramin asibitin unguwa. Mai shago da ya ce ka bar maganinka ka riƙe kwalbarsa, bar masa kayansa.

Akwai wanda bai kamata ya sha waɗannan mayuka ba?

Mai shan maganin tsinka jini kamar warfarin, clopidogrel ko aspirin ya tambayi likita kafin ya fara Omega-3 mai yawa ko man habbatussauda, saboda yiwuwar zubar jini. Wanda za a yi wa tiyata ya faɗi duk abin da yake sha. Mai allurar insulin ko shan glibenclamide ya riƙa auna suga idan ya ƙara habbatussauda, kada ya faɗi ƙasa. Mai juna biyu da mai ciwon ƙoda ko hanta kada su sha da niyyar magani sai da izini. Ƙananan illoli kuwa su ne gudawa, ƙwarnafi da gyatsa mai wari.

Kwalbar tana da lambar NAFDAC. Ba shi ke nuna tana aiki ba?

Lambar da ake ba kayan gargajiya da na ƙarin abinci tana nuna an duba ba su da cutarwa a fili. Ba shaida ba ce cewa suna warkar da abin da aka jera a jikinsu. Duba da kyau, sau da yawa za ka ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Kwalbar da ta ce tana maganin suga, hawan jini, basir, sanyi da ƙarfin maza lokaci guda, ta faɗi abin da ya fi ƙarfinta.

Zaitun na cikin mayukan da aka fi yi wa algus a duniya. Nemi kwalba mai duhu ko gwangwani, a rufe da hatimi, da ranar ƙarewa. Arha da ta wuce hankali alama ce. Sai maganar ajiya: a watan Afrilu da Mayu zafin Katsina yana kai maki 40, kwalbar da ta wuni a rana kan tebur ko a bayan motar masu lasifika ta riga ta lalace. Man filaks ya fi kowanne saurin lalacewa, firji yake so, kuma ba a suya da shi. Idan warin mai ya canza ya koma kamar na fenti, a zubar.

Man suyar ƙosai da awara da ake maimaitawa fa?

Duk lokacin da aka ƙona mai aka sake ƙonawa, yana yin baƙi da kauri, yana tara sinadarai masu cutar da jijiyoyi. A gida, idan ya fara kumfa ko hayaƙi da wuri, ya gama aiki. Akwai kuma kitsen tirans, wanda ake samu a daskararren man masana'anta da ake sa wa a wasu biskit, cincin da kek. Shi ne mafi muni, yana ɗaga LDL yana saukar da HDL. Najeriya ta kafa doka da ta taƙaita shi zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai. Wanda ke cin soyayye safe da yamma, rage shi zuwa sau biyu a mako zai yi masa abin da kafso ba zai yi ba. Alala ko dafaffen wake na iya maye gurbin ƙosai.

Ta yaya zan san canjin da na yi yana aiki?

Da awo. "Ina jin jikina ya yi sauƙi" ba ya nuna inda LDL yake. Auna ƙugu da tef sau ɗaya a wata, a tsaye, daidai tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, bayan ka saki numfashi. Auna jini a zaune bayan hutun minti biyar, ka rubuta a littafi da kwanan wata. Awon kitsen jini a maimaita bayan mako 6 zuwa 12 da fara canji. Awon HbA1c yana nuna matsakaicin suga na wajen wata uku. Idan ka sha wani mai wata uku lambobin ba su motsa ba, ka samu amsarka.

Kuɗina kaɗan ne. Ina zan sa su?

Maganin hawan jini da na suga da farko, kada su yanke. Sai awo. Abin da ya rage ya tafi kasuwa: wake, gero da dawa da ba a surfe su tas ba, zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, kifi idan hali ya yi, da man gyaɗa ko na riɗi mai kyau wanda za a riƙa aunawa da cokali maimakon tuttulawa daga galan. Binciken SIREN da aka ambata a farko ya ga masu cin ganye kullum sun fi tsira daga shanyewar jiki. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya, a lissafa da ɗunƙulen miya, a bar daddawa ta ɗauki wani ɓangare na ɗanɗanon.

Wanda ba ya cin ko kwabo kuma shi ne tafiya. A wani gwaji a Amurka da aka buga a 2002, masu sugan da ya fara hawa da suka rage wajen kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, suka kuma yi tafiyar sauri ta minti 150 a mako, sun rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58, yayin da maganin suga mai suna metformin ya rage da kashi 31. Ga mai kilo 90 wannan kilo shida ne da ɗoriya. Minti talatin bayan sallar Asuba kafin rana ta buɗe, kwana biyar a mako. Uwargidan da ba ta fita, zagayen tsakar gida da sauri yana shiga lissafi.

Da azumi yaya zan yi?

Azumi dama ce ta rage teɓa, amma faranti na buɗa baki yakan mayar da abin da aka rage: ƙosai, soyayyen dankali, soyayyar doya da ƙwai, da zoɓo ko kunu mai suga. A zaɓi soyayye ɗaya, a cika sauran da ganye, wake da ruwa. Mai shan kafso ko habbatussauda ya sha tare da abinci, a buɗa baki ko sahur. Masu maganin suga da hawan jini su ga likita tun cikin Sha'aban don a gyara musu lokutan sha da adadi, musamman masu insulin da masu maganin da ke sa fitsari.